Sana'armu a Kan Sawun Hektorović da Masuntansa Biyu

Ƙarfe shida na safe nake isa bakin ruwa a Stari Grad, a tsibirin Hvar na ƙasar Kuroshiya, kuma iska nake fara dubawa kafin in taɓa inji. Idan jugo ce ke busowa daga kudu, teku na ɗaukar nauyi, ranar babu fita. Idan bura ce daga arewa maso gabas, sai mu jira mu ga ƙarfinta. Sauran ranaku kuwa na fita ne, da baƙi takwas, wani lokaci goma, ba ma wuce haka.

Mu uku ne a kamfanin. Uwargida 'yar tsibirin ce, ita ke riƙe da lasisin jagorantar baƙi, ita ce bakinmu. Ni ke kula da rajista, kuɗi, mai, inshora da wankin jirgi. Na ukunmu dattijo ne, tsohon masunci, shi ke tuƙi. Barba muke kiransa, wato kawu, yadda mutanen gaɓar nan ke kiran kowane dattijo mai mutunci, musamman na teku.

Hajarmu tsohuwa ce, ta kusa shekara ɗari biyar. A ƙarni na 16, lokacin da ilimi da fasaha ke farfaɗowa a Turai, wannan ƙaramin tsibiri da ke ƙarƙashin mulkin Venis, birnin da ke Italiya a yau, tun 1420 ya fitar da marubutan da har yau yaran Kuroshiya ke karantawa a makaranta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Petar Hektorović, wanda aka haifa a 1487. Yana gab da shekara saba'in ya bar maginan da ke aiki a gidansa, ya shiga kwale-kwale da masunta biyu, Paskoje Debelja da Nikola Zet, suka yi kwana uku a teku: daga Stari Grad suka bi ta gefen tsibirin Brač har Nečujam a tsibirin Šolta, suka dawo. Ya rubuta tafiyar a waƙe a 1556, aka buga ta a Venis a 1568 da suna Ribanje i ribarsko prigovaranje, ma'ana su da hirar masunta. Wannan hanyar muke bi da baƙinmu. Abin da suka yi a kwana uku da filafili da ƙarfin iska, mu a yini guda muke yi da inji.

Abin da ya kama ni a waƙar tun ranar da uwargida ta fara fassara mini ita a kan teburin cin abinci shi ne yadda mutumin ya saurara. A zamaninsa mawaƙa kan cika baitocinsu da makiyayan da babu su a duniya, masu sunayen Girkawa. Shi kuwa ya rubuta masunta na gaske da sunayensu na gaske, da kacici-kacicin da suke jefa wa juna, da karin maganarsu, da irin kifin da suka kama. Da suka rera tsofaffin waƙoƙin baka da ake kira bugarštica, ya rubuta su kamar yadda suka fito daga bakinsu, har da alamomin karin sautin. Ba don shi ba, da wuya a ce mun san yadda talakan tsibirin ke rera waƙa a lokacin. Kuma a tuna, shekara arba'in da 'yan kai kafin nan, daga 1510 zuwa 1514, talakawan Hvar ƙarƙashin Matija Ivanić sun tayar wa masu sarauta, an zubar da jini, Venis ta murƙushe boren da rataya. Hektorović ɗan gidan sarauta ne, yana saurayi aka yi abin a idonsa. Zamansa a jirgi ɗaya da masunta yana rubuta hikimarsu ba ƙaramin abu ba ne. Na taso kusa da Sarkawa a Yawuri, na san yawan ilimin da ke bakin masunci wanda ba wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami dominsa.

Kafin mu hau ruwa muna shiga Tvrdalj, gidan da Hektorović ya shafe kusan rabin rayuwarsa yana ginawa. Daga waje ganuwa ce. A ciki akwai tafki mai kusurwa huɗu da baka-bakan dutse kewaye da shi, ruwan teku da na ƙorama na haɗuwa a ciki, kifin da suke kira cipal na yawo har yanzu. Sama akwai ɗakin tantabaru, baya akwai lambu. Ya ware ɗaki domin matafiya, ya ware wani domin matalauta, ya sa aka sassaƙa hakan a dutse don kada magada su manta. Rubuce-rubuce ne ko'ina a bango, yawanci da Latin, wasu da harshen Kuroshiya. Wanda ke saman makewayi na tambaya: in ka san kanka, me ya kawo girman kai? A nan na koyi darasi mafi tsada a sana'ar. Shekarunmu na farko uwargida kan zuba bayani daga ƙofa har lambu, don muna ganin baƙo ya biya kuɗin magana ne. Daga baya muka lura mutane sun fi tunawa da minti goman da muka bar su shiru a bakin tafkin. Yanzu shirun nan yana cikin jadawali, kuma ba ma taɓa shi ko da mun makara.

Ranakun da teku ya hana, ko baƙi ba sa son ruwa, mota muke ɗauka zuwa garin Hvar, tafiyar kamar kilomita 20. Can labarin Hanibal Lucić ne, wanda ya rayu daga 1485 zuwa 1553. Shi ya rubuta Robinja, wato baiwa, wasan kwaikwayo na farko da harshen Kuroshiya wanda ba na addini ba, kan budurwar da aka kama aka kai kasuwar bayi a Dubrovnik, masoyinta ya zo fansarta. Bai ga bugunsa ba, ɗansa Antun ne ya kai shi Venis aka buga a 1556. Gidan shaƙatawarsa yanzu na hukumar adana kayan tarihin garin ne. A gidan danginsa kuma mata masu zaman zuhudu na ɗarikar Benedikt ke zaune, suna saƙa leshi da zaren ganyen wani tsiro mai suna agabe, sana'ar da UNESCO ta shigar cikin kundinta a 2009.

Sai gidan wasan kwaikwayo, a saman tsohon rumbun jiragen yaƙi da ke bakin dandali. An buɗe shi a 1612, yana cikin mafi daɗewa a Turai da aka gina don kowa ya shiga, mai sarauta da talaka. A saman ƙofa an rubuta cewa shekara ta biyu ce ta zaman lafiya, wato sulhun da aka ƙulla tsakanin ɓangarorin biyu bayan ƙarni guda ana zaman doya da manja. Ya daɗe a rufe ana gyara, sai 2019 aka sake buɗewa, kuma buɗewar ta ƙara mana kasuwa sosai.

Akwai wurin da nake roƙon uwargida ta yi a hankali, shi ne Agustan 1571, lokacin da jiragen Daular Usmaniyya ƙarƙashin Uluj Ali suka ƙone garin Hvar da Stari Grad da Vrboska, makonni kaɗan kafin babban yaƙin teku na Lepanto tsakanin Usmaniyya da Turawa. Mutanen Hvar sun tsira ne a ganuwar da ke kan tudu. Tvrdalj ma ya taɓu, Hektorović ya rasu a 1572. Muna samun baƙi Turkawa, muna samun Italiyawa, wani lokaci a jirgi ɗaya. Abin da ya faru muke faɗa, da shekararsa, ba ƙari ba ragi, mu nuna musu cocin Vrboska da aka mayar ganuwa bayan harin.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ba ta da sauƙi. Yuli da Agusta tsibirin cike yake maƙil, amma yawancin masu zuwa ƙananan tsibiran Pakleni da ke kusa da garin Hvar suke so, su yi iyo su sha rana. Namu baƙin na Mayu ne da Yuni da Satumba: malaman makaranta, 'yan fansho, da jikokin 'yan Dalmashiya, wato wannan yankin gaɓar teku, da suka yi ƙaura zuwa Ostareliya ko Chile, masu neman ƙauyen kakansu. Kamfanonin rajista na intanet na yankar kaso mai tsoka. Wani babban kamfanin yawon buɗe ido ya taɓa neman mu matse komai cikin minti arba'in don fasinjojin manyan jiragen ruwa, muka ƙi, ko da yake a shekarar muna bukatar kuɗin ƙwarai. Na kuma taɓa yin kuskuren da ban manta ba. Barba ya ce mini, "Ɗana, yau ba ranar fita ba ce." Na ga kuɗin mutum goma a hannu, na matsa. Kafin mu kai mashigin da ke tsakanin Brač da Šolta jugo ta taso, baƙi suka galabaita, muka juyo. Na mayar wa kowa kuɗinsa, na ba barba haƙuri, kuma tun ranar maganarsa ce hukunci a kan fita.

Idan rana ta yi kyau, da azahar muke shiga Nečujam. Nan Marko Marulić na Split, marubucin Judita da ake kira uban adabin Kuroshiya, ya taɓa zama na wani lokaci, kuma Hektorović ya yabe shi a waƙarsa sa'ad da ya iso wurin. Barba na kashe inji. Muna fito da burodi da man zaitun da kifi mai gishiri, uwargida ta karanta baitoci kaɗan da tsohon karin harshen tsibirin, čakavski, sannan ta fassara. Wani lokaci barba kan ɗora da waƙar da ya koya wurin mahaifinsa, wani lokaci ya yi shiru yana gyaran igiya. Ba ma roƙonsa, ba ma sa shi a talla.

Ƙarshen Oktoba muke fitar da jirgin tudu. Daga nan sai tsinkar zaitun a gonar surukaina da ke filin Stari Grad, wanda Girkawan tsibirin Paros suka yanka gona-gona bayan zuwansu a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, iyakokin dutsen na nan har yau. Janairu nake kankare ƙasan jirgi in shafa fenti. Rajistar farko ta Mayu ta riga ta shigo, wasu malaman adabi ne su shida daga Zagreb, kuma sun tambaya ko za mu iya yin tafiyar kwana uku cur yadda aka yi ta tun asali. Barba ya ce a ba shi mako guda ya duba inda za a kwana.