Zoben bakin kube ya daina tsagewa

'Yan'uwa masu koyon ƙirar tagulla, yau mako shida ke nan ina duba zobe na huɗu da na ƙera wa bakin kuben wuƙar farautata, kuma har yanzu babu ko alamar tsaga a jikinsa. Farin cikin da nake ciki ba ƙarami ba ne, domin guda uku na farko duk sun lalace a hannuna.

Na farkon bai ba ni mamaki ba. Na daɗe ina bugunsa ban mayar da shi wuta ba, ya yi tauri, ya dare a kan uwar maƙera. Tun daga nan nake gasa tagulla a wuri mai duhu-duhu har ta yi ja kamar garwashin da ya fara mutuwa, sannan in tsoma ta a ruwa, tun da ruwa ba ya taurara ta yadda yake taurara baƙin ƙarfe.

Na biyu da na uku ne suka hana ni barci. Na gama su lafiya lau, na goge su suna ƙyalli, na ajiye a kan kanta, amma bayan makonni kaɗan sai na tarar da tsaga siririya kamar gashi, alhali babu wanda ya taɓa su. Fallen tagullar naira 22,000 na saye shi a kasuwar Owode Onirin, fatar kuma daga Mushin, kuma wajen ciro zobe na uku sai da na yaga kuben gaba ɗaya. Na zargi mai tagullar a zuciyata, ashe na ɗauki alhakinsa ne.

Wani dattijon maƙeri a nan Agege ya leƙo, ya juya zoben a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, ina kake ajiye su?" Na ce, "Baba, ga kantar can." Kantar tana dab da turken ragona. Da na bi diddigin maganar sai na gano cewa tsohuwar cuta ce wadda kwanson harsashi ya sha fama da ita. Sojojin Ingila a Indiya sukan ajiye harsasai a bargar dawakai lokacin damina, sai kwansunan su riƙa tsagewa da kansu, kuma a 1921 aka tabbatar da cewa iskar amoniya ta fitsarin dawakai ce sanadi. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, kuma irinta na nema saboda tana lanƙwasuwa da kyau. Idan ragowar tsaurin bugu ya haɗu da laima da amoniya, tagulla takan dare, kuma daminar Legas ta Yuni da Yuli ta haɗa mini ukun a ɗaki ɗaya.

Zobe na huɗu, bayan bugun ƙarshe, na sa shi a tanda na awa ɗaya a zafin kusan digiri 280. Ban bari ya yi ja ba, domin da ya yi laushi ya saki bakin kuben. Na kuma daina amfani da man gogewa mai warin fitsari, na koma lemon tsami da toka, ina ɗauraye shi sosai. Don in tabbatar, na lanƙwasa guntaye biyu, na gasa ɗaya na bar ɗaya, na rataye su kusa da turken. Wanda ban gasa ba ya tsage a mako na huɗu, ɗayan kuwa yana nan garau.

Saura ɗinkin sabon kube da makarin ƙota, kuma ina so in kammala kafin rani ya kama mu fita dajin wajen Epe. Duk wanda a cikinku ya san yadda ake riƙe wannan ƙaramin zafi a kan gawayi ba tare da ma'auni ba, don Allah ya sanar da ni, domin kuɗin gas ya fara yi mini nauyi.