Ƙwan da Inna ta hana jikanta

Shekarata ta farko a sashen yara masu tamowa, a wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa, na zo da karatu fal a kaina, ina jin babu wanda ya kai ni. A makaranta mun haddace cewa babban ƙwai ɗaya mai nauyin giram 50 yana ɗauke da furotin kusan giram 6, irin wanda jiki ke ginuwa da shi ba tare da wahala ba. A gwaiduwa kuma ake samun bitamin A da D da B12, da sinadarin kolin da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata. Saboda haka duk uwar da ta zauna gabana, maganata ɗaya ce: a ba yaro ƙwai kullum.

Kullum kuma amsa ɗaya nake samu: "To, Malama."

Wata Talata aka kawo wani yaro ɗan wata goma sha huɗu. Na ɗaura masa ma'aunin damtse, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Muka ba su madarar tamowa, na yi wa uwar huɗubar ƙwai. Da suka dawo na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai. Surukarta ce ta amsa.

"'Yar nan, yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ɓarawo kike so mu raina?"

Na ce, "Haba Inna, wannan ai camfi ne." Na shiga jero mata bitamin ɗaya bayan ɗaya. Ta saurare ni har na gama, ta gyara mayafinta. Mako mai zuwa ba su zo ba.

Wata ungozoma da ta haife ni a shekaru ce ta ce in daina cika baki, in taka zuwa gidan. Na je. Kaji huɗu ne a tsakar gidan, ɗaya tana kwanci. A nan na gane abin da littafi bai gaya mini ba. Ƙwan da nake cewa a dafa, a wurin Inna ɗan tsako ne, ɗan tsako kuma zakara ne da za a sayar a ɗinka kayan Sallah ko a sayi magani ranar da zazzaɓi ya kwantar da wani. Ƙwan zabi ma da ake samu da damina, bakin titi ake kai shi a dawo da kuɗin cefane. Mun saba cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma a gidan nan akurkin shi ne asusu. Ban ce duk mai faɗin camfin nan lissafin kuɗi yake yi ba, da yawa sun gaskata shi har zuciya. Sai dai na lura ya fi ƙarfi inda ƙwai ya fi wuyar samu, kuma ban taɓa jin an ce maigidan da ke cin Indomie da ƙwai a teburin mai shayi zai koma sata ba.

Karatu ma daga baya ya rage mini zafin kai. A 2017 an fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Ekwado, inda aka riƙa ba jarirai ƙwai ɗaya kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Na yi ta yawo da wannan adadi a bakina. Amma da aka maimaita irin gwajin a Malawi, tsayin yaran bai bambanta da na waɗanda ba a ba su ba, kuma a yankin yara da yawa suna samun kifi dama. Wato amfanin ƙwai ya danganta da abin da yaro ya rasa a tukunyar gidansu.

Sai na sauya salo. Na daina cewa kullum, na koma tambayar abin da za a iya. Idan sau uku a mako ne, to, ko da rabi ne. A dafa shi sosai har gwaiduwa ta daskare, a murje a cikin kunu, daga wata shida, kuma kada a daina shayarwa. Ranar da babu ƙwai akwai wake, gyaɗa, zogale da busasshen kifi.

Maza kuwa nasu rikicin daban ne. Mutum zai fasa ɗanyen ƙwai cikin madarar gwangwani ya shanye, wai ƙarin jini. Jiki yana amfana da kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai, ga haɗarin ƙwayar salmonela mai sa amai da gudawa. Sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini ma kaɗan ne a ƙwai, hanta ta fi shi nesa ba kusa ba. Masu tsoron kolestarol, wato kitsen cikin jini, kuma ina ce musu lafiyayyen mutum ba ya cutuwa da ƙwai ɗaya a rana, mai ciwon suga ko na zuciya ya ji ta bakin likitansa.

Inna ta dawo da yaron bayan zuwana gidan, ba mu sake tayar da zancen sata ba. Ranar da ma'aunin ya shiga kore, alamar ya murmure, ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini ƙwan zabi biyu a kan tebur. Na ce ta koma da su ta dafa masa.

"Nasa ya ci da safe," in ji ta. "Rabi na ba shi, kada ya saba."