Sarautar da na nema a ƙasar da ba ta da sarki

Ranar da na gaya wa Umma a waya cewa zan tsaya takarar sarauniya a makaranta, shiru ta yi har sai da na duba ko layin ne ya yanke. Can ta ce, "Sarauniyar wa? Ke da muka tura karatu?" Na ce ai biki ne na mako guda, ɗalibai ke zaɓen sarki da sarauniya a cikinsu. Ta ce, "To shi sarkin ɗan gidan waye, kuma mene ne tsakaninku?" Sai da na yi ta rantse-rantse cewa babu zancen aure a ciki kafin ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar nan da ke nuna maganar ba ta ƙare ba.

Bikin suna kiransa Homecoming, wato dawowa gida. Wajen watan Oktoba tsofaffin ɗaliban jami'o'in Amurka kan koma makarantunsu da 'ya'ya da jikoki, a yi fareti da kaɗe-kaɗe, a rufe da wasan ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita. Jami'ar Missouri ta ce ita ta fara a 1911, lokacin da shugaban wasanninta Chester Brewer ya gayyaci tsofaffin ɗalibai su zo kallon karawa da Kansas, aka tashi 3 da 3. Baylor ta ce ta riga ta tun 1909, Illinois kuma 1910, har yau ba a raba gardamar ba. Ni dai da na fara gani, hawan sallah ya faɗo mini a rai: kowa ya dawo gida, kowa ya ci ado, doki ne kawai babu.

Ina shekara ta uku a lokacin, kuma ba wai na rasa abin yi ba ne. Bizar ɗalibi ta wajabta mini ɗaukar aƙalla kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) a zango, ni 15 na ɗauka. Bizar dai ta ba ni damar aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, kuma ba na barin ko awa ɗaya, don da shi nake biyan kuɗin ɗaki. Ga sakatariyar ƙungiyar ɗaliban Afirka. Ga kuma ranar Alhamis, daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai, da nake tsaron rumbun abinci na makaranta, wani ɗan ɗaki a ƙasan bene inda ɗalibin da aljihunsa ya bushe zai zo ya ɗebi taliya, shinkafa, waken gwangwani da man gyaɗar shafa wa burodi, ba a tambaye shi dalili ba. Da yawan masu zuwa baƙi ne irina, domin tallafin abinci na gwamnati bai shafi mai bizar karatu ba. Makullin ɗakin a jakata yake kwana.

Wahalar farko ba ta yawo ba ce, ta fom ce. An ce in rubuta duk aikin taimakon da na yi, da adadin awanninsa, sannan in cika shafi guda da dalilin da ya sa na fi cancanta. Kwana uku ina kallon takardar. Ni da aka raina a kan yabon kai jahilci ne, aka kuma koya mini cewa abin da hannun dama ya bayar kada na hagu ya sani, yau ni ce zan zauna in ƙirga ladana da kalkuleta? Abokiyar ɗakina, wadda ta tashi a gonar masara a can cikin jihar, ta kasa gane abin da ke damuna. Ta ce a nan idan ba ka faɗi abin da ka yi ba, babu mai faɗa maka. Sai a lokacin na lura da bambancin. A gida mai neman sarauta ba ya wasa kansa, akwai maroƙa, akwai dangi, akwai dattijon da zai je ya yi magana a madadinsa. A nan kai ne ɗan sarki, kai ne maroƙin. Na ƙirga, awa 112 suka fito. Na rubuta. Da kwamitin tantancewa ya kira ni, na faɗe su da bakina ban sunkuyar da kai ba, kuma har yau wannan koyon yana yi mini amfani duk inda na je neman aiki. Kunya ado ce, amma ba ta cika fom.

Daga nan aka shiga kamfe. Da dare mu fita da alli mu rubuta sunana a kan hanyoyin ƙafa, da asuba ruwan sama ya wanke, mu sake. Na kafa tebur a ƙofar zauren ɗalibai ina raba cincin da na soya da kaina, Turawa na tambaya ko akwai gyaɗa a ciki. Bidiyon Instagram kuwa na yi har na fara jin haushin muryata. An shirya ba da gudummawar jini a makon, na je da ƙarfin gwiwa don a gan ni, ma'aikaciyar ta tambayi inda na taso da ranar da na dawo daga hutun gida, ta ce ƙa'idarsu wanda ya zauna a ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro sai ya shekara 3 bai koma ba. Na fito da jinina, da ɗan biskit ɗin da ta ba ni don lallashi.

Ana saura kwana biyu a fara jefa ƙuri'a, ranar Alhamis, aka gayyace mu mu yi jawabi a gidajen ƙungiyoyin ɗaliban nan masu sunaye da haruffan Girka. Kowa ya san ƙuri'unsu a dunƙule suke zuwa. Na tura wa wata da muke aikin rumbun tare saƙo cewa ta riƙe mini yau, na jefa wayar a jaka ban jira amsa ba. Gida huɗu na shiga, an tafa mini a uku. Sai wajen bakwai da rabi, ina laluben kuɗin mota, hannuna ya taɓa makullin. Ita kuma ashe tana ɗakin gwaji, ba ta ga saƙon ba sai da dare.

Washegari ina tsaye a teburina wani mutum ya zo. Na san shi, digirin digirgir yake yi, da mata da yara biyu a kan ɗan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma bas biyu yake hawa kafin ya iso. Ya gaishe ni, ya ɗauki cincin ɗaya ya miƙa wa 'yarsa. Ya ce, "'Yar'uwa, jiya mun zo. Mun jira har biyar da rabi, na ce ko ba ki da lafiya ne." Bai ƙara ko kalma ba. A bayana kuwa ga hotona manne a allo, an rubuta awa 112 da manyan baƙaƙe. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ƙarya a cikin awannin nan. Na yi su, kuma lokacin da nake yin su ban san za a ƙirga ba. Amma tun ranar da suka hau fosta suka zama jari, ni kuma na tafi neman riba na bar shagon a kulle. Ban ce kada a faɗi aikin alheri ba, na riga na ce faɗarsa ta amfane ni. Sai dai awa ukun da ba a buɗe ƙofar ba babu fom ɗin da ke da gurbinsu, a cikin tukunyar gidan mutumin nan kawai suka bayyana. A ranar na je ofishin da ke kula da rumbun na faɗi abin da ya faru, na roƙa a yanka makulli na biyu a ajiye a wurin mai gadi. Na kuma ajiye muƙamin sakatariya a ƙarshen zangon, bayan jarrabawar lissafin kiwon lafiya da na yi a makon ta dawo da makin da ban gaya wa Baba ba har yanzu.

Na shiga cikin goman ƙarshe, amma kambin kan wata ya hau. An jera mu a tsakiyar fili lokacin hutun rabin wasa, ni da atamfa da mayafi, sanyi na ratsa ƙashi. Ƙanena ya nuna wa Umma a waya, dare ya yi a can don awa 6 ne tsakaninmu. Abin da kawai ta ce shi ne, "Wannan yarinya ko rigar sanyi babu."

Alhamis ta zagayo na buɗe rumbun huɗu saura kwata. Wajen biyar sai ga su. Yarinyar ta leƙa kaina ta ce, "Anti, ina hular sarautar?" Na ce ban samu ba. Ta ɗan yi tunani, sannan ta nuna kwalbar man gyaɗa da ke saman kanta, ta ce in sauko mata da babbar.