Ƙishirwa a bakin teku

Da Yaya ya ce in cika gora biyu da ruwa kafin mu fita, dariya na yi. Ni da na girma a Damagaram, ranar Faransa ce za ta koya mini ƙishirwa? Gora ɗaya na ɗauka, ita ma don kada a ce na yi wa babba musu.

Ƙarshen watan Yuni ne, na je hutu wurinsa a Marsey. Tun da dare ya duba wayarsa ya ce hanya a buɗe take gobe, domin daga Yuni zuwa Satumba hukuma kan rufe dajin bakin tekun da za mu ratsa duk ranar da ake tsoron gobara. Da safe muka hau jirgin ƙasa mu uku, da ni da shi da ɗansa, ba mu cika rabin awa ba muka sauka a Cassis.

Abin da muka je gani su suke kira kalank: wuraren da teku ya kutsa cikin farin dutse, siriri kamar lungu, katangar dutse hagu da dama. A jere suke tsakanin Marsey da Cassis, kuma tun 2012 gwamnati ta killace yankin. Ta farko, Port-Miou, ba ta burge ni ba. Ƙananan jiragen ruwa ne cunkushe kamar motoci a tasha, ga kufan inda aka daɗe ana fasa dutse. Port-Pin kuwa ta fi kyau, itatuwa har bakin ruwa, amma ta cika da jama'a, sai muka wuce.

Daga nan wasa ya ƙare. Hawa ne a kan tsakuwa mai zamewa, kana bin fenti ja da fari da aka shafa a duwatsu don kada ka ɓata. Ranarmu ta gida daga sama take dukan mutum. Ta nan kuwa sai ta daki farin dutse ta dawo maka a fuska, sama wuta ƙasa wuta. Babu rijiya, babu famfo, babu yaro mai tallan ruwa. Kafin mu kai gangaren En-Vau, kalank ta uku, gorata ta kusa ƙarewa, na kuma yi shiru da bakina.

Gangaren nan da hannu da ƙafa ake saukarsa, wani wurin ma da mazaunai. Ƙafafun dubban mutane sun goge dutsen har yana sheƙi. Muka bi wani kwari mai inuwa, kwatsam sai ga ruwa a gabanmu, kore shar daga baki, shuɗi can ciki, kana ƙirga duwatsun da ke ƙasansa. Can sama wasu sun ɗaure kansu da igiya suna hawan katangar kamar ƙadangaru. Na tsaya ina ta tasbihi.

"Baffa, ka iya iyo kuwa?" in ji yaron.

Na ce masa a tafkin damina na koya tun ubansa bai yi gemu ba, na faɗa ciki. Wayyo sanyi! Numfashina ya ɗauke. Ashe iskar da suke kira mistiral ta kwana biyu tana kaɗawa, ita kuwa takan kore ruwa mai ɗumi da ke saman teku zuwa can ciki, mai sanyi ya taso daga ƙasa. Amma da jiki ya saba sai na ji abin da tafki bai taɓa yi mini ba: ruwan gishiri ɗaukar mutum yake yi, ka kwanta rigingine kana kallon tsagin sama tsakanin duwatsu biyu. Da Azahar ta yi muka yi alwala da ruwan tekun. Kurkurar bakin nan ita ta ƙarasa ni, gishiri ya kama mini maƙogwaro.

A hawan dawowa harshena ya zama kamar busasshiyar fata. Na zauna a gindin wata itaciya, wai ina gyara takalmi. Yaya ya dube ni bai ce uffan ba, ya zaro gora ta uku daga jakarsa ya miƙa wa ɗansa. "Kai wa baffanka." Ashe tun daga gida ya ɗauko ta domina.

Washegari ƙafafuna suka ƙi, sai muka shiga jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido daga tashar Cassis. Bayanmu ga Cap Canaille, jan dutse mai tsayin kusan mita 400. Mai bayani ya nuna wajen Morgiou ya ce a can ne kogon da wani mai nutso, Henri Cosquer, ya gano a 1985, ƙofarsa mita 37 a ƙarƙashin ruwa, cikinsa zanen dawaki da tafukan hannun mutanen da suka rayu tun teku bai hau ya rufe ƙofar ba. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na ɗauka a hoto.

Jirgin ya leƙa bakin En-Vau, ya ɗan tsaya, ya juya. Daga kan kujera, cikin inuwa, wurin ya yi mini ƙanƙanta, kamar ba shi ne ya wahalar da ni jiya ba. Na hango mutane suna fitowa daga kwarin zuwa bakin ruwa, sai na tsinci kaina ina duba hannun kowa, gora nawa ya riƙo.