Alhamdulillah an sallamo mu, ga godiyata ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah, Alhamdulillah. Yau satinmu biyu a gida bayan kwana 11 da muka yi a asibiti ni da Auta yana fama da limoniya, wato ciwon huhu, sai yanzu hankalina ya dawo jikina har na iya zama in yi rubutu. Duk wanda ya kira ban ɗaga ba, duk wadda ta turo saƙo ta ga na buɗe ban amsa ba, dan Allah ku yafe min, wallahi a kwanakin nan ko sunana aka tambaye ni sai na tsaya tunani.

Abin ya fara ne kamar wasa, murar hunturu ce da kowa ke yi a gidan, ga hazo ga ƙura. Watansa tara. Muka karɓo maganin tari a kemis, kwana biyu inata shafa masa man zafi ina lulluɓe shi, ni duk a zatona sanyi ne ya shige shi. Dare na uku ya ƙi nono, in ya kama sai ya saki yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ƙanwata da ke makarantar koyon aikin jinya na kira ta bidiyo wajen ƙarfe ɗayan dare, ta ce Yaya ɗage masa riga in gani. Ina ɗagewa na ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, ga wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Ta ce ki duba agogo ki ƙirga min minti ɗaya cif. Na ƙirga 68. Ta ce Yaya yaro ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti ɗaya akwai matsala, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40 ne, kar ki jira gari ya waye, ku tashi yanzu. Ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'ar karatu, da na bi ta tawa da safe zan kai shi.

Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da Abbansu ya buga wa ƙofa cikin sanyin nan, ko riga bai tsaya sakawa da kyau ba ya fito, ya kai mu, ya tsaya har aka karɓe mu, kuma ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba. Malam, Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare maka iyalinka.

Muna shiga aka maƙala masa wani ɗan abu mai jar wuta a babban yatsan ƙafa, oksimita suke ce masa, shi ke nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Lambar ta tsaya a 81. Ni ban san me hakan ke nufi ba, na dai ga fuskar nas ɗin ta canza, daga baya na ji cewa duk abin da ya gaza 90 sai an sa oksijin. Likita ya ce limoniya ce mai tsanani. Aka sa masa oksijin ta hanci, aka fara allurai, aka zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki saboda ba zai iya tsotso ba, ni kuma ina tatsa ana ba shi ta nan. Har gari ya waye lambar ta ƙi wuce 86, 87, ƙirjin nan bai daina lotsawa ba. Nan likita ya kalli Abbansu ya ce za mu ɗora shi a kan kumfa.

Gaskiya da na ji haka na ɗauka wani ƙaton inji za a gunguro. Sai na ga an kawo gorar ruwa mai zane-zanen awo a jiki, da tiyo, da robar hanci mai baki biyu. Babul sipap suke kiranta. Ɓangare ɗaya na tiyon oksijin ke shigowa, ɗaya ɓangaren kuma an tsoma bakinsa cikin ruwan gorar zurfin santimita 5, to in yaron ya fitar da numfashi sai iskar ta ture ruwan nan kafin ta fita, wannan ɗan turin shi ke komawa ya riƙe ƙananan jakunkunan iska na huhu a buɗe kar su manne, yaron ya huta da wahalar sake buɗe su a kowane numfashi. Shi ke nan fa. Ruwan ya dinga ɓul-ɓul-ɓul dare da rana, kwana huɗu wannan ƙarar ce nake kwana da ita nake tashi da ita, in gyangyaɗi ya ɗauke ni na ji kamar ta yi ƙasa sai in zabura. Kafin la'asar ɗin ranar farko lambar ta hau 93, nishin ya ragu, ya samu ya yi barci na farko cikin kwana biyu. Na kifa kaina a bakin gadon na yi kukan da ban samu na yi ba tun dare.

Akwai wata likita matashiya da ke kwana da mu, ita na dama da tambaya, kuma ko sau ɗaya ba ta nuna min gajiya ba. Ita ta fara ba ni labarin inda abin ya samo asali, da muka dawo gida ni ma na bi na karanta. Wani likitan yara ne a Bangaladash, Dakta Mohammod Jobayer Chisti, wanda a darensa na farko a bakin aiki a 1996 yara uku suka rasu a gabansa da limoniya. Daga baya ya ga injin mai tsada a Ostiraliya, ya koma gida ya haɗa irinsa da gorar sabulun wanke gashi da tiyo. Suka gwada a kan yara 225 a Daka babban birnin ƙasar, aka buga sakamakon a 2015, waɗanda aka sa wa kumfa kashi 4 cikin ɗari ne suka rasu, waɗanda aka ba oksijin zalla kuma kashi 15. A 2024 aka fitar da wani gwajin da aka yi a asibitoci 12 a Habasha da yara 1,240, cikin 620 da aka sa wa kumfa ɗaya ne ya rasu, a ɗaya rukunin kuma takwas.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Malawi. A asibitin gundumar Salima aka gwada a kan yara 644 masu rauni sosai, wasu da tamowa wasu da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma babu likitan da ke duba su kullum. Can sai abin ya juye, kashi 17 suka rasu cikin masu kumfa, 11 cikin masu oksijin zalla, dole aka tsayar da gwajin, aka buga shi a 2019. Dabara ɗaya ce fa, amma sakamako daban. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don a lokacin ne na fahimci abin da idona ya gani kwana da kwanaki ban san darajarsa ba.

Sistocin ɗakin yara, ku nake nufi. Bayan ɗan lokaci kaɗan wata za ta zo ta zuƙe masa majina don kar hancin ya toshe, ta duba ruwan gorar ko ya ragu ta cika shi daidai layi, ta gyara robar hancin in ta goce don in ta goce kumfan tsayawa yake yi, ta taɓa cikinsa ta ji ko iska ta taru ya kumbura ta buɗe robar cikin ta rage masa, ta duba fatar hancin kar ta ƙuje. Ku biyu ne a dare kan yara sun fi ashirin. Babbar Sista, ba zan manta daren Laraba ba, wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, injin oksijin mai aiki da lantarki ya yi ƙara ya mutu, kumfan ya tsaya cak, ɗakin ya yi duhu, ni kam salati kawai nake yi ƙafata ta ƙi ɗaukata. Kafin a tada janareta kin riga kin danna fitilar wayarki a baki kin riƙe da haƙori, hannu biyu kina kwance tiyo kina ɗaurawa a silindar oksijin, Baba mai gadin ƙofa shi ya gunguro silindar daga lungu duk nauyinta. Da kumfan ya dawo ko kallona ba ki yi ba kika wuce gado na gaba. Sista, ban da abin da zan biya ki da shi. Allah Ya biya ki da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wani abu kuma da na lura, Sista ba ta taɓa kallon lambar nan kaɗai ta wuce, sai ta ɗage rigar ta kalli ƙirjin, ta duba leɓensa da harshensa. Ashe akwai binciken da aka yi a jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 da ya nuna oksimita na iya nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa a jini, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan fararen fata. Mu ne baƙar fatar ai. Ya kamata masu ƙera abin nan su gyara, kafin nan kuma idon ma'aikaci ne ke cike giɓin.

Dan Allah 'yan uwana mata, maganar nan da ake yi cewa in an sa wa mutum oksijin shi ke nan sai dai addu'a, mu daina ta. Har waya aka yi min ana cewa kar in yarda a sa masa, na san cikin ƙauna aka faɗa ban riƙe kowa ba, amma a gabana wata baiwar Allah ta zare wa ɗanta robar hanci saboda wannan tsoron, sai da aka yi ta lallashinta. Jinkirin kawo yaro ne ke sa a ga kamar oksijin ɗin ne ya kashe. Mu da muka samu ma sa'a muka taka, rahoton da kwamitin mujallar Lancet ya fitar a watan Fabrairun 2025 ya ce sama da mutum biliyan 5 a duniya ba su da tabbacin samun oksijin na asibiti, a ƙasashenmu na kudu da Sahara kuwa cikin marasa lafiya goma da ke buƙata kusan tara ba sa samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000. Masu hali da ke neman inda za su yi sadaka mai gudana, ga silinda, ga sola a ɗakin yara, ga oksimita a ƙananan asibitocin ƙauye.

Cire shi daga oksijin ma da kaɗan-kaɗan aka yi, daga kumfa aka mayar da shi oksijin zalla, aka dinga ragewa, sannan aka cire aka zuba masa ido ana aunawa, har da lokacin barci da lokacin shan nono. Ranar da ya kama nono da bakinsa ya sha bai saki ba, ranar na san mun tsallake. Sai dai yaron da yake rarrafe ya zagaye tsakar gida ya dawo ko zama ba ya iya yi sai an tokare shi, wuyan ma lanƙwashewa yake. Malamar sashen gashi ce ta kwantar min da hankali, ta ce Maman Auta kwanciya da rashin ci ne suka cinye ƙarfin, zai dawo. Ta koya min in dinga zaunar da shi a cinyata yana miƙe, in kifa shi a tabarma na ɗan lokaci idonsa biyu ina wurin, in ajiye abin wasa nesa kaɗan ya miƙa hannu, in ya fara haki in bar shi ya huta, abinci kuma kaɗan-kaɗan sau da yawa. Shekaranjiya ya rarrafa daga bakin gado har ƙofar ɗaki. Malama na gode, Allah Ya saka da alheri.

Hajiyarmu, surukata kuma uwata, ke kika riƙe min sauran yaran da makarantarsu da cinsu, kuma da likita ya yi maganar hayaƙin itace, cewa kusan rabin mutuwar yara da limoniya na da alaƙa da hayaƙin girki a cikin gida, ke da kanki kika sa aka fitar da murhu can bayan gida kika ce ba a ƙara goya shi a shiga madafa, turaren wuta ma a ɗaga masa ƙafa. Allah Ya ƙara girma Hajiya. Masu tambaya ko ya yi rigakafi, ya yi duka uku, na sati 6 da 10 da 14, likita ya ce rigakafin yana kare yara daga manyan ƙwayoyin da ke kawo cutar amma ba dukkansu ba, don haka kar wadda ta ga namu ta fasa kai nata.

Abbansu, kwana 11 kana kwana a kan benci a waje cikin sanyi, kana safa da marwa tsakanin kantin magani da ɗakin gwaji, Allah Ya bar mu tare. Yayyena da suka haɗa kuɗi ba tare da mun buɗe baki ba, matan islamiyyarmu da suka yi sauka, abokan aikina da suka riƙe min ajina, limamin unguwa da jama'ar masallaci, Allah Ya bar zumunci, kar Ya nuna muku irin wannan ranar.

Ina roƙonku addu'a ga maƙwabciyar gadona, daga ƙauye mai nisa suka zo, 'yarta ta kwana biyar tana haki kafin su samu mota, a kwana na biyu Allah Ya karɓi abarsa. Ita ce fa take riƙe min Auta in zan yi sallah, ranar da za ta tafi ma sai da ta tsaya ta shafa kansa ta ce Allah Ya tashi kafaɗunsa. Allah Ya ba ta dangana, Ya sa mai ceto ce.

Ranar Litinin za mu koma a sake duba shi, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Masu kuloli da filas da barguna a wurina, duk na wanke na haɗa, akwai kula biyu shuɗaye da ban gane masu su ba, dan Allah mai su ta yi min magana in aiko yara da su.