Fitar da toho daga ƙasan cediyar bonsai bayan an raba ta da uwarta

Masu renon bonsai (ƙaramar bishiyar da ake renonta a tukunya, a hana ta girma) a Japan suna da wata dabara da suke kira toriki, wato a sa reshe ya fitar da saiwa tun yana jikin uwarsa. Ana zagaye reshen da wuƙa a wuri biyu, a ɓare ɓawon da ke tsakani, a kankare wurin har sai an taɓa itace, sannan a naɗe shi da gansakuka mai danshi a ɗaure da leda. Ta haka na samu cediyata a damina, kuma cikin wata biyu fararen saiwoyi suka cika ledar.

Da na sare reshen na dasa a tukunya, sai na ga abin da ke gabana: doguwar sanda tsirara, ganye duk ya taru a samanta kamar lema. Alhali kyan bonsai shi ne reshen farko ya fito wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin bishiyar, domin shi ne yake ƙara wa gindi kauri, ya ba ta kamannin tsohuwar bishiya.

A karon farko da na gwada wannan dabara da wata bishiyar, na yi garaje, na datse kan a makon da na dasa, ina zaton hakan zai tilasta wa idanun ƙasa, wato wuraren da toho ke fitowa a jikin sandar, su farka. Bishiyar ta bushe, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Daga baya na fahimci dalili. Tsinin kowane reshe yana samar da wani sinadari mai suna oksin, wanda yake gangarowa ƙasa yana hana idanun da ke ƙarƙashinsa tohowa, amma kuma shi ne yake sa saiwa ta fito, yayin da saiwar take aika wani sinadarin, sitokinin, zuwa sama ya tashi idanun da suke barci. Saiwar sabon dashe kuwa laushi gare ta, ga saurin karyewa, kuma abincinta duk daga ganye yake zuwa. Da na sare kan, na yanke mata abinci tun ba ta yi ƙarfin da za ta tayar da ko ido ɗaya ba.

Saboda haka a wannan karon ban taɓa gansakukar da ke jikin saiwar ba. Na ɗaure gangar jikin da waya a tukunyar don kada iska ta girgiza ta, na ajiye ta a inuwa mako uku, sannan na riƙa matsar da ita rana kaɗan kaɗan. Taki sai da na ga sabon ganye na fara sa shi. Da hunturu ya shigo, na kare ta daga busasshiyar iska, ban yanke komai ba.

Sai da damina ta zagayo, saiwa ta leƙo ta hudar tukunya, sannan na rage kan, na bar ganye kaɗan a kowane reshe, na cire manyan ganyen da suke yi wa gindi inuwa, domin ido ba ya tohowa a wurin da haske bai kai ba. A saman idanu biyu da nake so su zama rassa, na tsaga ɓawo a gicciye da reza, don oksin ya kauce musu. Ɗaya ya toho, ɗayan ya ƙi.

Cediya, durumi da baure suna jure wannan aski, suna toho ko a tsohon itace. Bishiyoyi masu ganyen allura da ake yawan gani a bonsai na Japan kuwa, reshen da aka raba da ganyensa gaba ɗaya mutuwa yake yi, don haka ba a yi musu haka.

Tohon da ya fito zan bar shi ya miƙe yadda ya ga dama har ƙarshen damina. A gefen da ya ƙi kuwa, na tanadi wani siririn reshe daga sama, wanda zan lanƙwaso in yi masa aure da gangar jikin idan ya ƙara tsayi.