Abin da na koya daga masu tsoron yankan kilifa

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwajin ƙanjamau da ba da shawara, in koma wani aikin. Cike rajista da neman kayan gwaji daga sito, duk wanda ya gaje ni zai iya su cikin mako guda. Maganata a kan waɗanda muke kira 'yan kullum ce, mutanen da kilifar mai aski ta ƙwarzane su, ko mai yankan farce ya ɗan fitar musu da jini, daga nan barci ya ƙaurace wa idonsu saboda tsoron ƙanjamau.

Akwai wani saurayi, tela, da ba zan manta da shi ba. Kilifa ta yanke shi a ƙeya ana jajibirin Sallah, shago ya cika maƙil, ba a ko goge ƙarfe tsakanin kai da kai. Ranar da ya fara zuwa, wurin har ya warke, sai da ya sunkuya ya nuna min da yatsa sannan na ga ɗan tabon. Na ɗiga jininsa a 'yar takardar gwaji ta Determine, layi ɗaya ya fito, wato ba ya ɗauke da ƙwayar. Na ce ya dawo bayan wata uku a rufe magana. Ya dawo, layi ɗaya. Amma ƙafarsa ba ta ɗauke ba. Yakan roƙi in kai masa 'yar takardar gwajin bakin taga, ya karkata kai yana ƙura mata ido a haske. "Anti, don Allah duba da kyau, ba wani ja-ja nake gani a nan ba?" Ba ya ci, ba ya barci, ya rame, ramar kuma ta zame masa hujja. Mura, ƙurji, kaluluwa, komai sai ya kwana yana karanta alamominsa a waya.

Wata rana shugaban sashenmu ya hango shi a layi. A gaban mata masu awon ciki da masu gwajin aure ya ɗaga murya: "Kai, ka sake dawowa? Faɗi abin da ka aikata ka daina laɓewa da kilifa. Kayan gwajinmu ba na wasa ba ne." Wasu suka tuntsire da dariya. Yaron ya miƙe, ya bar katinsa a kan benci, bai sake tako mana ba. Daga baya yayansa ya nemo ni, ya ce ya ware kofinsa da kwanonsa a gida, ya hana yaran gidan hawa cinyarsa, ya sa an ɗage ɗaurin aurensa bai gaya wa kowa dalili ba.

Na sami Oga a ofis na ce, "Yallaɓai, yaron nan ba shi da lafiya, tsoro ne ke cin sa, kuma rufa asirin mai zuwa gwaji shi aka fara koya mana." Ya ce rahoton wata ba shi da gurbin matsorata, abin da ake tambayarsa daga sama mutum nawa aka gwada, nawa aka samu da ita. A takardar tantance aikina ta shekarar ya rubuta cewa ina ɓata lokaci a kan waɗanda ba sa cikin haɗari, ƙarin girma kuma ya tsallake ni. Har yau in na tuna dariyar nan ta kan benci raina yana sosuwa. Ƙarancin kaya gaskiya ne, amma bai ba kowa izinin tozarta ɗan mutane ba.

Abin da ya fi yi min ciwo, Oga ya fi ni sanin ilimin da yaron ke bukata. Ƙwayar HIV ba ta da juriya a wajen jiki, da zarar jini ya bushe a kan ƙarfe take raunana. Ma'aikacin lafiyar da allura ta soke shi, allurar da aka zare yanzu daga jijiyar mai ɗauke da ƙwayar, da ɗanyen jini a cikin raminta, haɗarinsa kusan 3 ne cikin 1,000. Ƙwarzanen kilifa ya gaza haka nesa ba kusa ba. Kuma sai in wanda aka yi wa aski kafin kai yana ɗauke da ita, alhali binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari ne a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 a Najeriya. Ban taɓa ce wa kowa haɗa reza ba komai ba ne. Aska ɗaya da za a yi kaciya ko ƙaho ko tsaga da ita a jere, jini yana zuba, wannan magana ce daban. Wanda jinin wani ya shiga rauninsa da gaske, akwai maganin kariya na kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, da wuri kuma ya fi.

Cutar da ta kamata mai zuwa shagon aski ya yi tunaninta ita ce ciwon hanta nau'in B, ba kuma wanda ke zuwa mana a firgice saboda ita. Ƙwayarta takan kai kwana 7 da ranta a busasshen jini, sokewar allura kan iya kai haɗarinta kashi 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba, binciken nan na 2018 kuma ya same ta a kashi 8.1. Tana da allurar rigakafi. Da dama daga cikin 'yan kullum sun samu natsuwa da na juyar da tsoronsu can: ka yi rigakafin hanta, ka sayi kilifarka, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka.

A abu guda na yarda da Oga, maimaita gwaji ba ya warkar da su. Kamar mai waswasin alwala ne, kowace sakewa sauƙin ɗan lokaci take ba shi, shakka ta dawo da ƙarfinta. Abin da na ga yana amfani shi ne yarjejeniya: mu tsayar da ranar gwajin ƙarshe bayan kwana 90, a rubuta a katinsa, ya yi alkawarin daina binciken alamomi a waya da dare. Wani lokaci akwai wani abin a bayan labarin rezar, gaskiya ne, amma ƙofa a rufe yake fitowa, da murya ƙasa-ƙasa, bayan mutum ya tabbata ba za a yi masa wa'azi ba.

Sauran kaɗan ne, ke da za ki gaje ni. Kada ki kira sakamakon kowa ta taga. Kada ki ce "ba komai, je ka" kina rubutu ba ki ɗago kai ba. Wanda ya wuce kwana 90 da sakamako mai kyau amma har yanzu ba ya barci, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ya kamata ya je, ki kuma gaya masa damuwa ciwo ce da ake magani, ba hauka ake nufi ba. Ki raka shi da ƙafarki har ƙofar likitan, don in takarda kawai kika ba shi, a aljihu za ta ƙare.